Man Marigayiya Barakatu

Assalamu alaikum masu bibiyata. Kafin wani ya ga sunan da ke sama ya fara yi mani addu'ar samun rahama, to ya kwantar da hankalinshi. Ni ce Barakatun, kuma da yatsuna nake danna wannan rubutu. Abin da zan ba ku yau ya faru ne shekarar da kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, suka shigo gari, lokacin ina da ƙuruciyata. Har gobe idan na tuna shi sai na ji tsigar jikina ta tashi.

Ni 'yar Ƙanƙara ce. Mijina na fari, Malam Gide, ya rasu aurenmu bai je ko'ina ba. Na ida takaba na dawo gidanmu, wurin Inna da Yaya Almu, don Baba ya daɗe da rasuwa. Zaman banza bai karɓe ni ba, sai na tuna da man shafawar da kakarmu ke yi. Man kaɗanya ne za ki narkar, ki tace, ki dafa shi da kanumfari da jema har warin nan ya fita, sannan ki zauna ki yi ta bugu da muciya sai ya yi fari tas ya yi laushi. Ɗanyen man kuma wata aminiyar Inna ke aiko mani da shi a motar kasuwa, Iya Tani, Bamagujiya ce a wani ƙauye bayan Sabuwa.

Na shigo a sa'a. Shekarar nan malaman makaranta da ma'aikatan En'e aljihunsu ya cika. Ko'ina ka duba sabon keke ne da rediyo, matansu kuma kowace na son ta yi sheƙi. A 'yan kwalabe nake zubawa, mata su aiko har gida. Ina yin tukunya guda in huta, in yi kitso, in sa lalle, in ci tuwona in ƙoshi. Wallahi ban san ina cikin daɗi ba sai daga baya.

Ana nan sai ga Lawwali.

Duk mai cin kasuwannin yankinmu ya san shi. Farar a-kori-kura gare shi da lasifika biyu a bisa kai, yana tallar maganin tsutsar ciki da hodar jarirai. Ranar da ya yi sallama da ni a zaure yana sanye da riga 'yar shara mai ruwan ƙwai, da wandon nan mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ake yayi, agogo na walƙiya a hannunshi. Kwalbar maina ce ya fito da ita daga aljihu.

"Ke ce kike yin wannan?"

Na ce, "Ni ce."

"Kuma kika ɓoye shi a lungu? Malama Barakatu, ba ki jin tsoron Allah?"

Na ja gyale na rufe baki ina dariya. Ni dai ban taɓa jin namiji ya yi maganar sana'ata kamar wani abin kirki ba.

Ya ce, "Kaya ba su sayar da kansu. Sai an ji su, sai an gan su. Ki ba ni dama, kafin kaka sunanki ya kai Sabuwa."

Daga nan aka fara. Da farko ya ce kwalba ta ƙauye ce, a koma gwangwani. Aka koma. Sai ya ce gwangwani ba hoto tsirara ne. Yaya Almu ya raka ni Funtuwa aka ɗauke ni hoto, na ci ado da atamfata shuɗiya da ɗaurin ture-ka-ga-tsiya, kumatuna cike. Aka kai Zariya aka buga a takarda, aka manna a kowane gwangwani, an rubuta MAN BARAKATU a ƙasa. Sai man mota, sai batir, sai makaɗan da za su tara mutane a bakin kasuwa, sai kalanda da za a raba wa masu shaguna kyauta. Duk ranar da riba ta shigo hannuna, to a ranar Lawwali zai zo da sabuwar dabara, kuma kowace idan ya faɗe ta sai ki ji kamar wauta ce a ƙi.

Da riba ta kasa, na sayar da awakina. Na bi da kwallayen jerena. Ƙarshe har gadona na ƙarfe mai madubi ya tafi, na koma tabarma.

Wata rana ya zo da rakoda ya aje tsakaninmu a zaure, ya ce murya ta fi hoto shiga rai. Ya koya mani abin da zan ce, na yi ta maimaitawa har ya gamsu.

"Ni ce Barakatu ta Ƙanƙara. Da hannuna na buga shi. Ku shafa ku tuna da ni."

Da ya mayar da kaset ɗin ya kunna, sai na ji wata mace tana magana da bakina alhali bakina a rufe yake. Na matsa baya har na bugi bango.

"Kashe, don Allah."

Ya yi dariya. "Tsoron kanki kike ji?"

"Me ya sa sai na ce a tuna da ni? Ina za ni?"

"Talla ce, Baraka. Haka ake yi a birni."

Kar ku ce ban so shi ba, na so shi. A zamaninmu babu waya, amma Lawwali ya bar mani rakodar nan, duk tafiyar da zai yi sai ya aiko da kaset ta hannun direbobi. In shige ɗaki in rage murya in kara a kunne. "Baraka, ina Faskari, an yi wawar kayanki, amma ni fuskar da ke jikin gwangwanin nake kallo." Wani lokaci har kati yake aikawa gidan rediyo a gaishe ni. Bazawara kamar ni, a kira sunana duk Arewa na ji? Ku faɗa mani wadda ba za ta narke ba.

A gida kau, tun da ya yi maganar aure an gama yanke hukunci. Ya kawo wa Yaya Almu rediyo mai jaka, ya kawo wa Inna bargo da goro. Idan na ce na gaji sai Inna ta ce, "Ɗiyar nan, mutum ya ɗauko ki daga tabarmar takaba ya kai sunanki gari-gari, ke kuma kina maganar gajiya? Daure ki fita kunyarshi. Da an ɗaura aure kya huta."

Yaya Almu ya ce, "Mazan garin nan wa ya zo da mota? Kar ki yi mamu sakarci."

Talla ta ci, ba ƙarya. Amma duk gwangwanin da lasifika ta sayar, hannuna ne zai buga shi. Tukunya guda ta koma uku. Daga sallar asuba ina bakin murhu har rana ta faɗi. Ƙamshin da mata ke yabo ni ya koma tayar mani da zuciya, ko fura na kai baki sai in ji man kaɗe. Na bar kitso, na bar zuwa suna da biki. Awarwarona da ke tsayawa a wuyan hannu ya fara zamewa har gwiwar hannu. Idan na miƙe sai gari ya juya. Kuɗin ɗaukar masu taya ni kuma babu, duk sun tafi ga batir da takarda.

Ana cikin haka Lawwali ya ce in rage fita.

"Mai hoto a gwangwani ba ta yawo. Idan ana ganinki kullum, daraja za ta zube."

Ban yi musu ba, don ko ƙarfin fitar ba ni da shi.

Sai wasu abubuwa suka fara faruwa da na kasa gane kansu. Ran nan direban motar Sabuwa ya sauke mamu ɗanyen mai, tare da ƙwaryar dawa da kaza baƙa. Ya ce wa Yaya Almu, "In ji Tani, wai a ba Inna haƙuri." Inna ta ce ai don man ya yi jinkiri ne, Tani akwai kara. Aka yanka kaza aka ci.

Bayan kwana kaɗan ina tsakar gida ina tace mai, na jiyo wata baƙuwar murya a ƙofar gida, mace ce.

"Nan ne gidan marigayiyar?"

Yaya Almu ya ce, "Wace marigayiya? Ba a yi mamu rasuwa ba. Halan gidan Liman kike nema, ga shi can gaba."

Na ji takun matar ya yi nisa. Rana tsaka ce, ga wuta a gabana, amma sai da na ji sanyi ya ratsa ni.

A makon ne na faɗi a bakin murhu. Allah ya sa Inna na kusa, gefen zanena kawai wuta ta ci. Malamin asibiti ya ja fatar idona ya duba, ya ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, in bar aikin wuta in riƙa cin abinci. Da Lawwali ya zo na faɗa mashi. Ya daɗe yana kallona, wani irin kallo kamar mai kimanta dabba a kara.

"Ki daure wata guda. Yanzu ne kasuwa ta buɗe, har kuɗin gwangwani na ƙara a can wajen Sabuwa. Ni ma Kaduna za ni gobe kan maganar sa ki a rediyo."

Da ya tafi na yi shawara da zuciyata. Iya Tani na da 'yan mata ƙarfafa da suka saba da bugun kaɗanya. Idan na je da kaina na roƙe ta, za ta ba ni ko biyu su taya ni, in biya su da abin da ya samu. Inna ta so hana ni, na ce idan ban je ba to tukunya ta tsaya. Jin haka ta bar ni.

Na sa atamfar nan shuɗiya, don ita kaɗai ta rage mani ta fita, sai da na ninka zanen sosai kafin ya kama ƙuguna. Na yafa farin mayafi na bi motar 'yan kasuwa. Muka wuce Faskari, muka sake mota, hanya ta lalace, daji ya yi duhu. Ɗorawa da kaɗanya da maɗaci sun haɗe kai, mota na tafiya tana kuka cikin ramuka. Wajen azahar, ba mu ko hango gari ba, direba ya kashe mota don a zuba mata ruwa. Wuri ya yi tsit.

Sai na ji ta.

Daga cikin itatuwa take fitowa, iska na kawo ta tana mayarwa. Batir ya yi sanyi, muryar tana jan jiki a hankali, ta yi kauri kamar ta mai jinya.

"Ni ce... Barakatu... ku shafa... ku tuna da ni..."

Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki. Allah ya jiƙanki, yarinya."

Sauran matan motar suka amsa, "Amin."

Na ja mayafi na rufe fuskata.

Ranar kasuwar Sabuwa ce. Da muka sauka ban nemi hanyar ƙauyen Iya Tani ba, muryar na bi, ina ratsa 'yan doya da masu rake, har na hango farar a-kori-kura a gindin wata ɗorawa. Mutumin da ya ce mani yana Kaduna ga shi tsaye a bayan mota, ya sa farar riga da hula, ya yi kalar tausayi. An kafa babban hotona a jikin gilashi. Mata sun yi dafifi. Ya kashe kaset ya ɗauki abin magana.

"Jama'a kun ji muryarta. Yarinya ƙarama, mai albarkar hannu, Allah ya amshi abinshi. Man da ke cikin motar nan shi ne na ƙarshe da ta buga kafin ta kwanta. Idan ya ƙare, ya ƙare ke nan har abada. Wanda ya saya ya yi mata addu'a."

Na ga mata na miƙa kuɗi suna ture juna. Wata ta amshi gwangwani biyu tana share hawaye da bakin gyale. Ni kuma ƙafafuna suka yi ta tafiya da ni har tsakiyarsu. Cikin turereniya mayafina ya zame.

Matar da ke share hawaye ta dube ni. Ta dubi gwangwanin hannunta. Ta sake dubana, daga atamfar har fuska. Gwangwanin ya faɗi.

"Innalillahi! Ita ce! Ta taso!"

Masu karatu, ban taɓa ganin kasuwa ta watse irin haka ba. Aka yi ta faɗawa kan tallan mutane, ƙwarya na fashewa, masu goyo na ihu, wani dattijo ya tsaya daga nesa yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinshi yana tofowa wajena. Kafin ka ce me, fili ya buɗe, daga ni sai Lawwali.

Ya sauko daga mota. Na ɗauka zai ruɗe, ko ya ji kunya. Sai ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Wa ya ce ki zo?"

Na ce, "Yaushe na mutu?"

"Baraka, talla ce. Kin ga yadda ake saye kau? Abin da nake sayarwa a wata, yau kafin la'asar ya ƙare. Mutane ba su san darajar abu ba sai sun ji ba za su ƙara samu ba."

"Na ce yaushe na mutu?"

"Kasuwa uku ke nan. Nan yankin kawai nake faɗa, wa zai kai labari Ƙanƙara? Da an ɗaura aure sai mu fito da sabon mai da sabon suna. Ke ko fita ba sai kin ƙara yi ba." Ya waiga ya dubi mutanen da ke leƙe daga bayan rumfuna. "Yanzu dubi ɓarnar da kika yi mani. Shiga mota ki kwanta, in rufe ki da tamfol mu bar nan."

In rufe ki da tamfol. Haka ya ce, wallahi.

Ban san abin da zan yi ba da wani hannu mai kaushi bai damƙi damtsena ba. Iya Tani ce, ta kawo ɗanyen mai kasuwa, tulu a kafaɗa. Ba ta sake ni ba. Ta mintsine ni da ƙarfi har na yi ƙara. Ta fizgi ludayin wata mai kunu da ta gudu ta bar kayanta, ta ɗebo ta kai mani baki.

"Sha in gani."

Na sha. Ta juya wajen jama'a ta ɗaga murya.

"Aradu mutum ce! Fatalwa na shan kunu? Ɗiyar ƙawata ce, da ranta!" Ta nuna Lawwali da ludayin. "Kai kau baƙin maƙaryaci, har kuka ka yi a gabana. Na yi kwana uku ban ci tuwo ba saboda kai!"

Da mutane suka fara matsowa suna gunaguni, Lawwali ya faɗa mota ya ja ta da gudu, hotona na kaɗawa a jikin gilashi.

A gidan Iya Tani na kwana biyu, don jiri bai bar ni na kama hanya ba. Ita ce ta ce mani ba ni ce ta fari ba.

"Bara waccan ma haka ya zo da muryar wata mai sabulu, Safara'u ta Faskari. Ita ma ya ce ta mutu. Ita kam ban sani ba ko gaskiya ne."

A hanyar komawa na sauka Faskari. Na tambayi wata mai ƙosai gidan Safara'u mai sabulu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta nuna mani wani lungu da baki.

Gidan shiru kamar ba kowa. Manyan tukwanen sabulu na kife a jikin katanga, ciyawa ta fito a gefensu. Na yi sallama har sau nawa kafin wata murya ta amsa daga ɗaki, a shaƙe. Na ɗaga asabari. Wata mace ce zaune a kan tabarma, ba za ta girme ni da yawa ba, tana tsintar shinkafa a faifai.

Na ce, "Safara'u nake nema."

"Wadda ta mutu ko wadda ta rage?" Ta ɗago ta dube ni, ta yi wani guntun murmushi. "Zauna. Na san ki, ke ce ta jikin gwangwani."

Ta ba ni labarinta tana tsintar shinkafarta, ba kuka ba ɗaga murya. Zaure guda, rakoda guda, alkawarin aure guda. Ta sayar da duk abin da ta mallaka ta zuba a talla, ta yi ta aiki cikin hayaƙin toka har ƙirjinta ya kama. Tana kwance ya zagaya kasuwanni ya ce ta rasu, ya sayar da sauran kayan da tsada, bai ƙara takowa gidan ba.

"Da na warke na ɗauki sabulu na kai ƙauyukan da aka san ni. Yara suka bi ni da jifa. Aka ce daga kabari na dawo. Har nan cikin gari, da suka san ban mutu ba, sai aka fara cewa ai ba banza ba, akwai abin da ke tare da ni. Wa zai yi wanka da sabuluna? Wa zai zo zance?"

Ta aje faifan ta kamo hannuna tana juya shi, tana duban ƙunar da ke jiki.

"Amma ni sai da na kwanta ya kashe ni. Ke kina tsaye ya fara. Kin san abin da ya gani?"

Ta jawo wani ɓallin madubi daga ƙarƙashin matashi ta miƙo mani. Rabona da madubi tun da gadona ya bar ɗaki. Na duba. Idanu sun faɗa rami, kumatu sun zube, leɓe ya yi fari ya tsage. Sai a lokacin na gane me ya sa mutanen Sabuwa suka gudu. Ko ni da na gamu da wannan fuskar a hanya, da na gudu.

Safara'u ta ce, "Ba ƙarya ya ɗauka yana yi ba. Gaba kawai ya yi da labarin, yana jiran ki iske shi. Tashi ki tafi gida, ki kashe wutar nan."

La'asar sakaliya na iso Ƙanƙara. Tun daga bakin lungunmu na hango tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida, maza zazzaune, butoci a gefe. Ashe labari ya riga ni. Direbobi sun kawo cewa an ga fatalwar Barakatu a kasuwar Sabuwa, kafin ya zagaya gari ya koma Barakatu ta faɗi ta mutu a Sabuwa. Yaya Almu har ya nemi motar da za ta kai shi ɗauko gawa da safe.

A cikin masu zaman, can gefen Liman, ga Lawwali. Ya sunkuyar da kai, carbi a hannu, ana yi mashi gaisuwa yana amsawa. Shi da ya bar ni tsaye da ƙafafuna. Tun hantsi yake wurin, bai buɗe baki ya ce wa kowa ina da rai ba.

Wannan karon ban bari an gudu ba. Tun daga nesa na yaye mayafina na yi sallama da ƙarfi, na gaida Liman da sunanshi, na ce, "Baba Liman, ni ce, lafiyata lau, ku taɓa ni ku ji." Salati ya tashi ko'ina. Ban tsaya ba, ban ko dubi inda Lawwali yake ba, na shige gida.

Inna na zaune a ƙofar ɗakina cikin mata, ta rungume muciyata. Da ta gan ni ba ta yi ihu ba. Ta taso da rarrafe ta kama ƙafafuna, ta shafa hannuwana, ta shafa fuskata, kamar yau ta fara ganina.

"Ɗiyar nan, haka kika koma? A gabana kika koma haka ban gani ba?"

Na zauna na faɗa mata komai, matan unguwa na ji. Babu wadda ta katse ni. Da na ida, Inna ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da bargon da ya kawo mata, ta jefa tsakar gida. Ta ɗauki tulu ta juye ruwan kaf a murhuna. Sannan ta zubo tuwon dawa da miyar kuka daga abincin da maƙwabta suka kawo na zaman makokina, ta aje a gabana, ta zauna ta tsare ni.

Na kai loma ta uku ke nan Yaya Almu ya shigo. Idanunshi jajur, ya kasa haɗa ido da ni.

"Barakatu, mutumin nan na zaure. Ya ƙi tafiya. Wai lallai sai kin fito, akwai maganar da ku biyu kawai za ku yi. Wai idan kin ƙi, ke za ki yi nadama."

Duk matan suka zuba mani ido. Na gutsuro wata lomar na dangwala a miya.

Na ce, "Yaya, ka ce mashi marigayiya na cin abinci. Ya jira."